Amsa ga malamina kan furotin Eps15

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ranar taron tsofaffin ɗalibai a Argungu kun miƙe gaban jama'a kun tambaye ni: wai mene ne wannan Eps15 da nake ta karantarwa a kansa, kuma me zai tsinana wa ɗan masunci? Kafin in buɗe baki aka kira sallar la'asar, taro ya watse. Tun da a bainar jama'a kuka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa gida biyu sai an ba ta umarni. Ɗaya daga cikin masu kawo umarnin wani ɗan ƙaramin furotin ne, EGF, wanda Stanley Cohen ya tsamo daga gurbin yawun ɓera a 1962, har ya ci kyautar Nobel a 1986. A jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaya akwai makarɓin wannan saƙo, EGFR. Da saƙon ya sauka a kansa, sai makarɓin ya fara buga tambari a kan waɗansu furotin na ciki. A 1993 masu bincike ƙarƙashin Pier Paolo Di Fiore suka bi sawun waɗanda ake buga wa tambarin, wanda ke ɗauke da lamba 15 a jerinsu shi ne Eps15.

To Malam, jin umarni ba shi ne wahala ba, tsayar da shi ne. Muddin makarɓin yana waje yana amsa kira, ƙwaya za ta ci gaba da hayayyafa. Dabararta ita ce ta haɗiye shi. Tantanin sai ya lotsa ciki, wani furotin mai suna kilatirin ya saƙa masa raga ta baya, lotsawar ta zurfafa ta koma ɗan ƙunshi mai faɗin kamar nanomita 100 (kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita), wani kuma ya zo ya datse wuyan. A ciki ake yanke wa makarɓin hukunci: ko a narkar da shi, ko a mayar da shi waje ya ci gaba da aiki.

Kun san yadda mahaifina yake riƙe homa a Matan Fada. Yakan nutsar da ita, ruwa har wuya, gorarsa na reto a gefe, idonsa ba ya kan tsakiyar ragar, yana kan bakinta, don in bakin bai haɗu ba ko giwan ruwa ne ya shiga fita zai yi. A bakin nan Eps15 yake zama. Da aka duba da madubin lantarki, na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani, a gefen ramin da tantanin ya lotsa aka fi ganinsa, ba a ƙasansa ba. Kuma ƙirarsa ta dace da aikin: a wannan kai yana da hannaye uku da yake kama abokan aiki irin su efsin, tsakiyarsa igiya ce da yake murɗewa da ɗan'uwansa, a wancan kan kuma yana riƙe AP-2, mai haɗa raga da kayan da za a shigar. Can ƙarshen wutsiya akwai gurbin da yake gane yubikwitin, lambar da ake liƙa wa makarɓin da aka ƙaddara wa haɗiya. Shi ba raga ba ne, ba kuma kifi ba. Mai tattara masu aiki ne a wurin da aikin zai faro.

Yanzu batun amfani. Gwaggona, wadda kun sani, ciwon daji ne ajalinta. Ina zaune gefen tabarmarta ina ba ta kunu da ludayi, yana komowa ta gefen bakinta, ban kuma san me ke cin ta ba. Daga baya na fahimci cewa a nau'o'in daji da dama, har da wani kaso na dajin huhu, makarɓin EGF ne ya ƙi yin shiru. Magunguna irin su gefitinib an ƙera su ne don su toshe shi. A wani nau'in dajin jini kuma an samu ƙwayar gadon EPS15, da ke kan kuromozom na 1 (kuromozom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai), ta manne da wata mai suna MLL.

Ba daji kaɗai ba. Ta wannan ƙofa ta haɗiya sinadarin ƙarfe yake shiga ƙwayoyin da ke zama jini. Da aka cire Eps15 da tagwayensa Eps15L1 daga ƙwayoyin da ke samar da jini a ɓera, sai ƙarancin jini ya kama shi, alhali ƙarfen yana nan, hanyar shigarsa ce ta samu cikas. In ɗaya kawai aka cire, ɗayan yakan rufa masa asiri a wannan aiki.

Ban ce Eps15 zai warkar da kowa bana ba, Malam, ba zan yi muku alkawarin da ba ni da shi ba. Amma ramukan nan a ƙwan sauro masu bincike Roth da Porter suka bayyana su a 1964, suna kallon yadda yake tara gwaiduwa, sauron da muke kwana muna kora a bakin gulbi. Ina so yaran da ke zaune a ajin da kuka koya mini baƙi su san haka, su kuma sa ido a madubi da kansu. In kun yarda, zan zo da ƙaramin madubina makarantar bayan an koma hutu, ku tara mini 'yan aji shida.

Ɗalibinku,
daga Birnin Kebbi