Ba Sa'a Ce Ta Ba LSU Kofin 2019 Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan abin da mai gabatar da shirinku na wasanni ya faɗa ranar Asabar, wai Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa irin na Amurka (American football) na jami'o'in ƙasar na 2019 ne don an buga wasan ƙarshe a ƙofar gidanta. Maganar nan ta ɓata mini rai ƙwarai, domin a shekarar ina karatu a Baton Rouge, garin da LSU take, ganau ne ni ba jiyau ba.

Gaskiya ne a New Orleans, da ke jihar Louisiana, aka kara ranar 13 ga Janairun 2020, amma tun shekaru kafin nan aka zaɓi birnin. Jami'ar Clemson kuwa, wadda LSU ta kara da ita, ita ke riƙe da kofin a lokacin, ta ci wasa 29 a jere, har ma ta fara yin gaba da maki 17 da 7, kafin a tashi LSU na da 42, ita tana da 25. Shin 'yan kallo ne suka shiga fili suka jefa ƙwallon?

Da ma mai gabatarwar ya tuna wasan 9 ga Nuwamba, lokacin da LSU ta bi Alabama har gidanta a Tuscaloosa ta doke ta da 46 da 41, bayan ta sha kashi a hannunta sau takwas a jere. A ɗakin maƙwabcina na kalli wannan wasa, wani dattijo da ya koya mini dokokinsa sa'ad da na iso ban san komai a kansa ba. Da aka tashi sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ni kuma na rasa abin da zan ce masa, ga motoci a waje suna ta danna oda har tsakar dare. LSU ta kuma ci Texas a Austin da 45 da 38, ta ragargaza Oklahoma da 63 da 28 a Atlanta. Wasa 15 ta buga ƙarƙashin koci Ed Orgeron, ta cinye duka, Joe Burrow kuma, ɗan wasanta mai jefa ƙwallo, wanda ya baro Ohio State saboda zaman benci, sau 60 yana jifan da ya kai ƙwallo ƙarshen fili, ya karɓi kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Wace sa'a ce ke bin ƙungiya gari-gari haka?

Sannan don Allah ku daina kiran wasan nan zari-ruga. A zari-ruga ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba, alhali a nan jifan gaba shi ne sana'ar Burrow. Ina roƙon a gyara maganar LSU a shiri mai zuwa.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya