Mai tauye mudu ya tuba, wa zai mayar wa haƙƙinsa?

Baba Fasto, barka da aiki. Ina neman shawara a kan maganar da ta cije mana a ajin nazarin Tsohon Alkawari, wato mayar da haƙƙi.

Dokar kam a fili take. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ambaci wanda ya ci amanar ajiya ko jingina, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abin wani ya yi musu har da rantsuwa. Zai mayar da abin cif-cif, ya ƙara humushi, ya ba mai shi, sannan ya kai wa firist rago marar lahani. Ƙidaya 5:7 ta sa furta laifin a gaba. A ganina jerin nan ba banza ba ne: ragon ba ya biya wa mutum bashin maƙwabcinsa. Ɓarawon da aka kama kuwa, Fitowa 22 ta ɗora masa shanu 5 a kan sa ɗaya, tumaki 4 a kan tunkiya, in ya yanka ko ya sayar. Mai tona kansa ne aka sassauta wa.

Ko humushin ma da magana. Mu kan ce 20 ne a kan 100. Malaman Yahudawa a Talmud, wato kundin bayanin shari'arsu, sun ce 25 ne, don shi ne kashi ɗaya cikin biyar na 125 da za a biya gaba ɗaya.

To, ga inda muka tsaya. Ɗan kasuwa ya yi shekaru yana tauye mudu, yanzu tsoron shari'ar Allah ya kama shi, ya kuma ji Ezekiyel 33:15 ya ce mugun da ya mayar da jingina da abin da ya ƙwace zai rayu. Amma waɗanda ya cuta ɗaruruwa ne, bai san sunan kowa ba. Ƙidaya 5:8 ta ce in mai haƙƙin ba shi da dangi, a ba firist. Waɗannan kuwa suna da dangi, ba a dai san inda suke ba. Haikalin Urushalima ma, inda firistocin ke hidima, Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Wasu a ajin suka ce a zuba kuɗin a baikon coci. Ni dai ban gamsu ba, don masu sayen hatsin ba duka 'yan coci ba ne. Talmud ya ce mai irin wannan laifi ya yi aikin da jama'a za su amfana, kamar haƙa rijiya, ko wanda aka cuta zai sha daga ciki.

Baba, wanne za mu gaya masa? Da wane farashi kuma zai lissafa? Mishna, wato tarin dokokin Yahudawa da aka gina Talmud a kai, ta ce na ranar da aka yi ƙwacen, amma kuɗin mudun dawa na shekarun baya ba zai sayi rabinsa yau ba. Ko ya riƙa cika wa masu saye mudu har ya tumbatsa, sai abin da ya ƙiyasta ya fita?

Naka cikin Ubangiji,
Wani malamin aji, daga Jos