Zuwa ga ƙawata, kan maganar allurar fuskar da Auta take son yi

Assalamu alaikum ƙawata ta kaina,

Ya sanyin Ingila, ya maigidan da yara, da fatan ƙaramin ya warware daga murar nan. Mu nan Kaduna alhamdulillahi, hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da safe in kika hau gadar Kawo da ƙyar kike hango gabanki saboda hazo, yara kullum cikin shafa basilin suke.

Na saurari saƙon muryarki har sau biyu, naga ba abin amsawa a tsaitsaye bane shi yasa na zauna na rubuto miki. Kince Auta ta matsa miki ki turo kuɗi zata yi maikuronidilin ɗin nan na RF, wato huda fatar fuska da ƴan allurai masu fidda zafin igiyar rediyo, kafin bikinta, kuma bikin saura sati uku. Dan Allah kar ki tura yanzu. Ba wai abin ƙarya bane, kinsan ni da kaina nayi har zama uku bara kuma na amfana, amma lokacin da ta zaɓa da wurin da ta zaɓa duka biyun hankalina bai kwanta dasu ba.

Kin tuna fuskata tun muna makaranta, kurajen nan da suka bar min ramuka a kumatu biyu, in na shafa hoda maimakon ta rufe sai ta taru a ciki. Su suka kaini. Injin yana da wani ɗan kai kamar hatimi, a bakinsa akwai allurai siri-siri a jere, wanda aka min dashi guda 24 ne. Likita zata ɗora a fata ta taka feda, allurai su shiga su fito kafin ki ƙifta ido, to a ɗan lokacin da suke ciki ne suke sakin makamashin igiyar rediyo wanda yake komawa zafi a can ƙarƙashin fata. Ita take saita zurfin, daga kamar rabin milimita har zuwa 3 ko 4 a fuska, goshi bata zurfafawa saboda ƙashi na kusa, kumatu kuma ta ƙara. Shi jiki sai ya ɗauka an ji masa ciwo ya shiga gyara, yana saƙa sabon kolajin, wato zaren nan da yake riƙe fata yasa ta cika tayi ƙwari. Da nayi wa Hajiyarmu wannan bayanin sai tayi shiru sannan tace to ai sakiya ce irin ta da, an dai ƙanƙanta ƙarfen. Wallahi ta fahimci abin fiye da yawancin masu tallarsa, domin rauni ne ake yi da gangan kuma da wuta, sai jikin mutum ya warke kafin a ga amfani.

Kinga anan matsalar sati uku take. Saƙar kolajin bata sauri. Yawanci zama uku ake yi, tsakanin kowanne sati 4 zuwa 6, kuma ainihin canjin sai bayan wata 3 zuwa 6 yake fitowa sosai. Ni bayan zaman farko na wuni gaban madubi banga komai ba har raina ya ɓaci ganin kuɗin da na zuba, zama ɗaya ya kusa lashe albashina na wata banda kuɗin jirgin ƙasa. Sai wajen wata na huɗu maigidan ne ma ya fara cewa kumatun naki sun cike fa. Kuma in faɗa miki tsakani da Allah, ramukan raguwa suka yi basu ɓace ba, masu faɗin sun taso sosai amma ƴan tsukakkun nan masu zurfi suna nan inda suke.

Ranar farko bazan manta ba. Na hau jirgin safe daga Rigasa zuwa Idu, na isa wajen likitar fata a Abuja, aka wanke min fuska aka lafta man kashe zafi aka rufe da leda na zauna kusan minti 45 har naji leɓena kamar ba nawa ba. Duk da haka da ta iso saman leɓe da gefen haɓa hawaye ne kawai suke gangarowa cikin kunnena, injin yana tak, tak, tak, ina ƙirgawa ina salati a zuci. Da aka gama na duba fuska tayi jajir da ɗigo-ɗigon jini, ga zafi kamar wadda ta wuni bakin murhu tana tuƙa tuwon suna. Washegari kumburi, sannan wasu ƴan ɗigo a jere layi-layi kamar shatin raga, in kika shafa kiji kamar an barbaɗa yashi, ni sai da nayi kusan mako kafin ya lafa. Ba kwalliya, ba shiga rana, ba gurza, ko ruwa tace kar ya taɓa sai bayan awanni masu yawa, shi yasa duk zama ukun na daidaita su da kwanakin da nake fashin salla saboda alwala.

To yanzu ki ɗora wannan akan amarya. Za a zaunar da ita ayi mata dilka da halawa da kurkum kwana da kwanaki ana murza, ga turare ga lalle, ga kamu ga dina, kowace rana mai kwalliya ta lafta mata hoda hawa-hawa da soson da Allah kaɗai yasan fuska nawa ya bi. Fatar da aka huda ɗaruruwan wurare bata gama rufewa ba ina zata ɗauki wannan?

Akwai abin da masu talla suke faɗa wanda gaskiya ne, cewa yafi dacewa da baƙar fata akan wasu nau'ikan leza, wato injin gyaran fata da haske. Dalili shine hasken leza launin fata yana zuƙarsa sai saman ya ƙone, shi kuwa wannan makamashin ba ruwansa da launi, kuma akwai allurai masu rufi a jiki wanda tsinin ne kawai yake fidda zafi, saman fata ya tsira. Amma sauƙi ne kawai aka samu, haɗarin baƙin tabo yana nan, fatarmu ko ƙurji ɗaya ya fashe sai ya bar shaida. Ni bayan zama na biyu na shiga kasuwar Gumi da tsakar rana ban shafa man kare rana ba, na samu wani baƙi a muƙamuƙin hagu da ya ɗauki wajen wata biyu kafin ya washe, likitar ta ɗaga zama na uku saboda shi.

Sai maganar da tafi min nauyi, ki riƙe tsakaninmu. Ranar sa rana na riƙe hannun Auta naga gaɓoɓin yatsunta sun yi duhu fuska kuma tayi fayau har ƴan jijiyoyi kore-kore sun fito a gefen ido. Tana shafa haɗin mai, ko bata faɗa miki ba. Irin haɗin nan da ake sayarwa a roba ba suna yawanci akwai sitiroyid a ciki mai sa fata tayi siriri ta daina warkewa da wuri, wani da sinadarin bilicin haidurokwinon, wani har da makuri mai guba, kin dai ji a 2023 NAFDAC da kanta ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Tambayar farko da likitata tayi min kenan, me kike shafawa. Fatar da mai ya riga ya cinye in aka kawo mata allura da wuta me kike tsammani zai faru.

Wurin kuma na duba shafinsu da ta turo miki, salun ne na gyaran gashi da farce, sun sayo inji suna rangwame. Injinan da aka sani kamar Morpheus8 da Potenza da Secret RF suna da tsada ƙwarai, akwai kuma na kwaikwayo da kowa zai iya odarsu ta intanet. A watan Oktoban 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi akan wannan aikin takamaimai, ta ambaci ƙuna, tabo, narkewar kitsen fuska, lalacewar kama da taɓuwar jijiya, tace aikin likita ne kuma kar ayi shi a gida. Narkewar kitsen nan shine yafi bani tsoro, in aka zurfafa aka ƙara wuta kumatu su zurma yarinya ƴar shekara ashirin da ƴan kai ta koma kamar wadda ta tashi daga jinya, kuma baya dawowa da kansa. Akwai wata a layinmu da aka yiwa a irin wuraren nan, yau wata bakwai tana yawo da niƙabi ba don ra'ayi ba, ta buɗe min na gani, shatin allurar ne baƙi-baƙi a jere a kumatunta kamar an buga tambari, tana nuna min tana kuka. Sannan kan allurar na mutum ɗaya ne, a gabanki za a farke ledarsa a gabanki za a jefar, wanda yake rangwame har rabin kuɗi dole ki tambayi kanki a ina ya rage, ga ciwon hanta ga ƙanjamau duk ta jini suke bi.

Ba a yiwa mai ciki, wannan ma ku lissafa dashi tunda aure zata shiga. Ba a yiwa mai batirin zuciya, ko mai kuraje ɗanyu a lokacin, kuma wanda tabonsa yake yin tudu irin na hudar kunne sai likita ta duba sosai, in ban manta ba Yaya babba tana da irinsa a kunne, ki tambaya ko yana bin gida.

Abin da zanyi shine ranar Talata zan ɗauke ta da kaina mu je ganin likitan fata, ko Barau Dikko ko mu wuce Shika in ya kama, a duba abin da man yayi mata a faɗa mata yadda zata rabu dashi a hankali, saboda shi ma ba a yanke shi rana ɗaya, in aka yi haka sai fuska ta rikice. Ke dai ki kira ta ki lallaɓa ta, kar ki nuna mata ni na faɗa miki maganar man, zan taso da ita da kaina a mota. Kuɗin ki ajiye mata su.

Ankonki yana wajen tela, yace ki sake turo awon hannu wancan ya ɓata masa. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Unguwar Rimi