Bindiga a aljihun jallabiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto maka, inda nake sayar da riɗi da dawa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a Disambar shekarar, ƙaramar bindiga, wadda nan ake ce wa ɗabanja, ta shiga hannun mutanen da ko rago ba su taɓa yankawa ba. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Yadda suke ɗaukarta ne ya hana ni barci.

Muna sallar La'asar a masallacin unguwarmu, wani saurayi a sahun gabanmu ya yi sujada, sai muka ji tim a kan tabarma. Bindiga ce ta sulluɓe daga aljihunsa, bakinta na kallon jikana ɗan shekara bakwai. Allah ya tsare ba ta tashi ba, amma wallahi ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba. Da aka sallame na ce, "Ɗana, a ɗane take?" Ya ce, "Baba, ai na cire gidan harsasan." A waje wani tsohon soja ya karɓa, ya mai da bakinta ƙasa, ya ja bayanta. Sai ga harsashi guda ya yi tsalle. Yaron bai san wanda ya riga ya hau ciki yana nan daram ba.

Aljihun jallabiya rami ne: makulli, waya, canji, kowanne na iya maƙale kunamar. Masu soke ta a zariyar wando sun fi ban tsoro, don bakin yana kan cinya, inda babbar jijiyar jini take. Kube take so, na fata mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, a kan ɗamara. Dukawan da ke ɗinka kuben takobi a Kasala, wannan ba zai gagare su ba.

Abu Musa al-Ash'ari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa Musulmi rauni. Kibiya ke nan fa, wadda sai an ja baka. Yau a wurin mai shayi ana miƙa ɗabanja hannu zuwa hannu, kowa da yatsa a kan kunama, ana dariya.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗuba. Jikan nawa har yanzu a gida yake sallar La'asar, uwarsa ta hana.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi, Gadarif