A daina haɗa mazan kifin betta wuri ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu kiwon kifin ado kan betta, ɗan kifin nan mai baza jela, wanda asalinsa fadamun shinkafa ne na ƙasar Tailan. Tun kaka da kakanni mafaɗatan ake zaɓa a hayayyafa, don haka faɗa a jininsa yake.

Maza biyu ba sa zama akwatin gilashi ɗaya. Da sun yi ido huɗu kowanne zai buɗe kumatu, launinsa ya ƙara turuwa, sai cizo. A fadama wanda aka fi ƙarfi gudu yake. A akwati ina zai je? Jela ta yayyage, ciwon ya ruɓe, kifi ya mutu. Abin tausayi ne, kuma laifin mai kiwo ne.

A ba kowane namiji akwatinsa, aƙalla lita 20, da ganyen ɓuya, ɗumin ruwa digiri 25 zuwa 27, musamman da hunturu. In akwatunan na kusa, a sa kwali tsakani. Kada a bar masa madubi, zai gaji da yaƙi da inuwarsa. Mace kuwa a cire ta da zarar ta zuba ƙwai, don namiji ke gadinsu kuma zai far mata.

Na gode.