Rahoton ayyukan shekara zuwa ga 'yan ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na azumi.

Zan fara da aikin Mirriya, don shi ya fitar da mu kunya. Famfo mai aiki da rana da muka kafa wa masu lambu yana ba da ruwa har yau. Ranar ɗauri, tun hantsi yaranmu suke kan ƙarfe, faifan hasken ranan ya ɗauki zafi sai da suka naɗe hannu da tsumma. Da ruwan ya fara fitowa jawur da laka, wani dattijo ya ce a kashe, abin ya lalace. Can sai ya washe. Shi ɗin dai ya fara tara hannu ya sha, mata suka rangaɗa guɗa. Injin man da suke haya yana jingine a gindin mangwaro, ba mai kallonsa. Da buhun kabeji muka dawo Damagaram.

Sai batun takardar shaidar wuta mai tsabta, da wasu ke cewa kwamiti ya yi barci a kai. Bai yi ba. Takardar nan ana ba da ita ne kan kowane megawat-awa 1 da aka samar daga ruwa, iska ko rana, mai ita ya sayar daban da kuɗin wutar. Suwidin da Norwe sun haɗa kasuwarta tun 2012, ƙananan madatsun ruwa na ci a ciki. To mu wane kogi gare mu? Korama sai damina. Madatsar ruwan Kandaji mai megawat 130 ma ba a gama ba, kuma kowa ya tuna duhun Agustan 2023, da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya. Rana muke da ita, amma sai da mita mai rajista, sai kuma an je Yamai an ji ta bakin hukumar ARSE mai kula da harkar makamashi. Kuɗin motar ne babu.

Kuɗin ƙungiya jaka guda ce a wata, jama'a. Wasu rabonsu da biya tun babbar sallar bara, amma ranar raba riguna su ne a sahun gaba. Na gaji da buga waya ana ce mini "ina hanya". Shi ya sa horon gyaran batir bai yiwu ba, kada a ɗora wa ma'aji.

Littafin kuɗi yana shagon ma'aji, mai shakka ya je ya duba. Taro na gaba Asabar bayan la'asar, kowa ya zo da bashinsa.

Magatakarda