Kafin mu yi odar motar lantarki, a leƙa taransfomar unguwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan gida, na rubuto ne kan tattaunawar da kuka yi a shirinku na makon jiya game da motoci masu amfani da lantarki. Na saurara tun daga farko har aka yi sallama. Baƙinku sun yi bayani mai gamsarwa kan tsadar fetur da illar hayaƙi, amma ban ji wanda ya tsaya kan tambayar da ta fi damuna ba: idan motar ta iso, a ina za a jona ta?

Ni mai aikin wayarin ne a Kano, na haura shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma ina son motar lantarki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, babu mai abin hawan da bai ji a jikinsa ba. Lissafin ma yana bayan motar lantarki. Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas tana da batir mai cin yunit 64. Ko a farashin rukunin A, wato masu samun wuta fiye da kowa kuma masu biya mafi tsada, wanda aka ɗaga ya wuce naira 200 kan kowane yunit a Afrilun 2024, cika batirin bai kai naira 15,000 ba, kuma zai yi tafiyar da mota mai fetur za ta sha fiye da lita 30 kafin ta yi. Riba a bayyane take, matuƙar akwai wutar.

To amma, Malam Edita, mu duba wutar. Ana cewa tashoshinmu na iya samar da megawat dubu 13 ko makamancin haka, sai dai abin da ke isa ga jama'a yawanci yana tsakanin dubu 4 ne da dubu 5. Ranar da aka kai megawat 5,801 a Maris na 2025 sai da kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta na ƙasa ya fitar da sanarwa, domin ba a taɓa kaiwa haka ba. Wannan ita ce wutar da mutum sama da miliyan 200 ke rabawa. Cajar mota ta gida tana jan kilowat 7, wato kamar a kunna na'urar sanyaya ɗaki guda biyar a lokaci ɗaya. Da a ce mota miliyan ɗaya za su jona bayan sallar isha'i, za su nemi megawat dubu 7, fiye da duk abin da ƙasar ke rabawa. Na san masana za su ce ba za a jona su gaba ɗaya ba, kuma idan aka rarraba cajin cikin awa 24, abin da ake buƙata bai kai megawat 500 ba, in kowace mota yunit 10 take ci a wuni. Gaskiya ne. Amma wannan lissafi na ƙasar da wuta ke zama ne. A wurinmu da zarar an kawo wuta kowa ke rugawa ya jona komai, daga dutsen guga zuwa famfon rijiya, saboda ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke. Mai mota ma haka zai yi, kuma ba laifinsa ba ne.

Inda na fi sani, kuma inda nake ganin igiyar za ta fara tsinkewa, shi ne taransfomar unguwa. Taransfoma mai ƙarfin 500 tana ɗaukar kilowat 400 ne ko kusa da haka idan lafiyarta ƙalau. Mota 50 kacal za su cinye 350. A unguwarmu irin wannan taransfoma ɗaya ce ke riƙe da gidaje ɗaruruwa, da masu walda, da injin niƙa, da masu ƙanƙara. Tun yanzu ana yi mana rabo ne, a kashe layi ɗaya a kunna ɗaya, kuma da zafin bazara za ka ji tana kuka tana yoyon mai. Sau biyu ta ƙone a 'yan shekarun nan, sau biyun kuma karo-karo muka yi gida-gida kafin aka gyara, bayan mun shafe makonni a duhu. Na sha ganin inda aka cire fiyus aka ɗaura jar waya a madadinsa don kawai wuta ta tsaya. Wayoyin da suka shiga gidaje da yawa sirara ne, an ja su ne don ƙwan fitila da fanka. Ka ɗora musu kilowat 7 na tsawon awa takwas ko tara, gobara kake nema. Wannan ba ya fitowa a jawabin manya, amma mu da ake kira da tsakar dare idan allon mita ya narke mun san shi.

Mu 'yan Arewa kuma muna da ƙarin damuwa. Ba mu manta Oktoban 2024 ba. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana a gyara shi da wuri, sai layin Ugwuaji zuwa Apir da ya rage shi ma ya samu matsala. Yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda babu wuta. Mutane suka riƙa bin layi a shagunan caji don wayar hannu kawai. Da a ce motocin haya da na ɗaukar marasa lafiya duk a kan wannan layi suka dogara, ƙafa za mu koma. Maiduguri kuwa ta ga abin da ya fi haka, tun da aka fasa turakun layin Damaturu a farkon 2021, sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 a 2023.

Wani baƙonku ya kawo misalin Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur da dizal a 2024. Ya manta bai faɗa ba cewa su sun gina madatsar ruwa a kan Kogin Nilu mai bayar da fiye da megawat dubu 5. Mu madatsar Zungeru mai megawat 700 muka samu, ta Mambilla kuwa tun muna yara muke jin labarinta.

Duk da haka ban ce a naɗe hannu ba. Ra'ayina shi ne a fara da ƙanana, kuma a cire su daga kan babban layi tun farko. Abin da ke ɗaukar talaka a Kano ba jif ba ce, A Daidaita Sahu ce, musamman tun da aka hana acaɓa a 2013. Batirin ɗan sahu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na batirin mota ba. Ana iya cire shi a saka wani cikin 'yan mintuna, kamar yadda ake musanya tukunyar gas. Idan aka kafa rumfunan sola a tashoshin mota da bakin kasuwanni, irin su Sabon Gari da Kantin Kwari da Dawanau, batura za su sha caji da rana tsaka, lokacin da Allah ya hore mana hasken da ba mu biya, direba ya zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke. Taransfomar unguwa ba ta san an yi ba. Ba sabon abu ba ne ma: hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, ta kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021. Gwamnatin Borno ita ma ta shigo da motocin haya masu lantarki. Kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka gwamnoni ba su da hujjar jiran Abuja.

Sola ma tana da nata. Ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi idan ba a goge faifan, zafin Afrilu na gajiyar da batir, kuma kasuwa cike take da batura marasa inganci. Sai an horar da yaranmu masu gyara, domin batirin lithiyum ba abin taɓawa da ka ba ne.

Roƙona shi ne ku sake wannan shiri, amma a wannan karon ku gayyato injiniya daga TCN, da wani daga kamfanonin rarraba wuta, da shugabannin 'yan sahu. Ku tambaye su taransfoma nawa ce a Kano ke ɗauke da fiye da ƙarfinta a yau, da kuma wanda zai biya kuɗin sauya su idan motocin suka iso. Idan kuna buƙatar mai wayarin a zauren, zan zo da kaina.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai sauraronku, mai aikin wayarin,
daga Kano